Rumfar da Na Ɗinka wa Gem ɗin Malam

Litinin, 3 ga Maris

Wata huɗu ke nan da ciwon ya shanye wa Malam ɓarin hagu. Ƙafa ta dawo, alhamdu lillahi, hannun ne ya ƙi. Likitar gashin ƙashi ta ce in yatsun nan ba sa motsi kullum za su ƙage, in kuwa suka ƙage shi ke nan. Ƙwallon robar da ta ba shi yana ƙarƙashin gado, wai shi ba jariri ba ne.

Yau Auta ta zo hutu, ta tono tsohon gem ɗinta na hannu daga akwati, wanda take tseren mota a ciki tun tana firamare. Babban yatsan hagu ne ke juya motar. Ta ce, "Baba, shekara talatin kana jan tirela, wannan 'yar motar ce za ta gagare ka?" Yarinyar nan ta san lagon ubanta. Ya karɓa.

Laraba, 5 ga Maris

Auta ta koma, ta bar mu da jidali. Ba ya gani. Gilashin abin bai fi akwatin ashana ba, ga shi dishi-dishi. In ya karkata shi nan ya ga fuskarsa, in ya karkata can ya ga taga. Motar ta faɗa rami sau goma sha ɗaya, ina kan keken ɗinki ina ƙirgawa. Ya ce, "Tela, ni fa ban taɓa kifar da mota ba a rayuwata." Ya kifa abin a kan tebur. Tausayinsa ya kama ni.

Asabar, 8 ga Maris

Na gano bakin zaren! Ƙyallin gilashin ne ke kashe masa ido. Na yanka kwalin takalmi, na lulluɓe shi da baƙin yadin da ya rage daga siket ɗin wata malamar makaranta, na ɗinka wa abin rumfa, har da roba mai kama gefe. Ɗinki tsaf, ko zare ɗaya bai leƙo ba. Ni da kaina na yaba wa kaina.

Lahadi, 9 ga Maris

Kai, abin kunya. Ya leƙa cikin rumfar ya daɗe, sannan ya ce, "Tela, kashe shi kika yi?" Na kira Auta, ta yi ta dariya har da tari. Wai tsohon yayi ne, ba shi da fitila a ciki irin ta waya, da hasken waje ake ganinsa. Ni kuma na zauna na ɗinka masa duhu da hannuna.

Malam ma ya yi dariya, da gefen baki ɗaya. Rabona da jin ta tun kafin asibiti. Amma bai sake ɗaukar gem ɗin ba.

Talata, 11 ga Maris

Yau ma bai taɓa shi ba. Yatsun a dunƙule a kan cinyarsa. Tsoro nake ji.

Alhamis, 13 ga Maris

Ina zura zare a allura da safe sai na kama kaina: kullum baya nake juya wa taga, hasken ya sauko ta kafaɗata. Shekara nawa ina haka ban taɓa lura ba! Nan take na farke rumfar. Na buɗe samanta, na shimfiɗa farin yadi a ciki. Na ja kujerarsa na sa taga a bayansa, yana ta mitar ana juya shi kamar buhu. Na kwance 'yar fitilar kekena na maƙala a jikin kujerar saboda yamma. Gilashin ƙara girma da nake duba kafar allura da shi ma na ɗinke shi a bakin rumfar.

Na miƙa masa. Ya taɓe baki, ya karɓa don kada in ce. Ya fara dannawa, can sai na ji, "A'a! Ashe kwana ce a nan! Ai ba laifina ba ne!"

Na shige kicin na yi 'yar rawa ni kaɗai.

Asabar, 15 ga Maris

Ya gama zagaye ɗaya bai faɗi ba. Ya zo na takwas cikin motoci takwas. Ya ce lodi gare shi.

Laraba, 19 ga Maris

Na biyar. Ya fara faɗa da sauran motocin: "Kai mai jar mota, wa ya ba ka lasin?" Yatsan na yi masa tsami, ina shafa masa man zafi, yana cewa in yi sauri. Ni kuma ba fitila, ɗinkin yamma ya tsaya, mai wando ruwan toka ya zo sau biyu. Sai dai ya jira.

Talata, 25 ga Maris

Asibiti. Likitar ta ce ya taɓa kowane yatsa da babban. Ya taɓa uku, saura ƙaramin. Watan jiya ko ɗaya ba ya kaiwa. Ta ce, "Baba, ashe kana matsa ƙwallon nan." Ya dube ni, na dube shi. Na ciro rumfar daga jaka. Ta juya ta, ta leƙa, ta ce, "Mama, wa ya koya miki wannan?" Malam ya karɓe zancen, wai shi ya ba da shawara. Na ƙyale shi, yau ranarsa ce.

Asabar, 29 ga Maris

Na ɗaya! Ihun da ya yi sai da maƙwabciya ta shigo ba takalmi, ta ɗauka faɗuwa ya yi. Na kira Auta, muka yi kuka, shi yana cewa mu yi masa shiru ya shiga zagaye na gaba.

Litinin, 31 ga Maris

Da hantsi ya ɗauki gem ɗin da hannun hagu, sanda a dama, ya fita bencin ƙofar gida wurin tsofaffin abokan tuƙinsa. Bai ce in raka shi ba. Ina jiyo shi yana koya musu su juya wa rana baya, kamar shi ya ƙirƙiro.

Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Na samu na gama wandon mutane, na share ɗaki a tsanake. Sai dai na yi ta ɗage ƙafa daga kan keke ina kasa kunne. Wata biyar ba ya minti goma bai ce "Tela" ba, har ina ƙorafi.

Bai kira ba sai da yunwa ta kama shi.