Keken Ɗinki Na Biyu

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon gwiwar taki? Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Tunda idon Umma ya yi rauni, kullum da yamma nake karanta mata tsohon littafin nan mai jan bango, wanda Baba, Allah ya jiƙansa, yake karanta mata tun suna ango da amarya. Kin tuna shi? Labarin matar da ta buɗe shagon ɗinki a bakin titi, gari ya yi mata caa, wai mace mai mutunci ba ta zaman shago. Umma ta sha gaya mana matar toshe kunnenta ta yi har ta sayi keke na biyu, kuma ita ta ba ta ƙarfin halin buɗe nata shagon.

To Yaya, jiya rawar kaina ta sa na leƙa shafin ƙarshe. Wallahi babu wani keke na biyu! Matar sayar da kekenta ta yi ta koma gida, marubucin yana ta yabonta wai ta yi hankali. Ashe Baba ne ya shirya nasa ƙarshen, tunda Umma ba ta iya karatu ba. Yanzu wanne zan karanta mata? Tsorona kada ta ɗauka yaudararta ya yi.

Ki ba ni shawara da wuri.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, amsarki ba ta iso ba muka kai ƙarshen. Na karanta shi yadda yake a rubuce.

Sai Umma ta kwashe da dariya har da hawaye. Ta ce ai ta daɗe da ganewa, domin duk sanda Baba ya zo wurin sai ya daina juya shafi, kuma launin keken ma ba ya tsayawa, yau baƙi, wata rana shuɗi. A cewarta marubucin bakin mutanen zamaninsa ya ji tsoro, mijinta kuwa bai ji ba. Yaya, ban taɓa kewar Baba kamar ranar ba, amma raina fes.

Da ta share ido sai ta ce in koma baya in karanta mata shi daidai. Na rufe littafin, na saya wa matar kekenta na biyu. Kore na zaɓa mata.

A shafa min kan yara.

Taki har kullum,
Auta