Man Birki na Mota Ne, Baba Ciyaman

Zuwa ga Shugaban masu gyaran mota na layinmu, Apo, Abuja.

Assalamu alaikum. Baba Ciyaman, ina gaisuwa irin ta 'ya da uba, da fatan gida da gareji duk lafiya. Ni ce Hajara, matar Isuhu mai gyaran bodin mota, wanda rumfarsa ke jikin masallaci. Na rubuto a fili ne don na san halinka: in na zo ofis sai ka mayar da maganar wasa, ka aika a sayo mini lemo, in koma gida ina dariya. To yau ba lemo nake so ba.

Na ɗaya, ga abin da ya faru. Ranar wata Talata cikin daminar nan, Isuhu yana miƙar da ƙofar wata tsohuwar tasi, sai gefen ƙarfen mai tsatsa ya tsaga masa babban yatsan dama. Jini kamar an yanka kaza. Abokan aiki suka taru, Allah ya saka musu, aka ɗauko man birki aka tsiyaya a ciwon, aka yagi tsumman goge inji aka ɗaure. Ya dawo gida yana mini alfahari wai ko ƙara bai yi ba. Na ce mu je asibiti, ya ce ni ban san sirrin sana'a ba, man birki yana ƙone ciwo ya bushe.

Ya bushe kuwa! Kafin mako ya zagayo yatsa ya zama kamar doya, zazzaɓi ya kayar da jarumin nawa, ko cokali sai na riƙe masa. Daga asibitin unguwa aka tura mu babban asibiti a Gwagwalada. Likita ta kwance tsumman, ta dube shi, ta dube ni, ta tambaya ko mota muka kawo mata. Wallahi na ji kunya, kuma na ji tsoro. An tsaga an wanke, an yi masa allurar tetanus, kuma har yau ba a gama yanke hukunci a kan yatsan ba. An ce in ya ƙi jin magani, cirewa za a yi.

Na biyu, Baba, ka fi ni sanin abin da babban yatsa yake wa mai riƙe guduma. Da shi muke ci, da shi yarana ke zuwa makaranta. Motocin da ya karɓa tuni masu su suka kwashe.

Na uku, kuma a nan zan nemi afuwa: na bincika wanda ya tsiyaya man, aka yi ta nuƙu-nuƙu, daga ƙarshe aka ce kai ne da hannunka. Ban riƙe ka a zuci ba, na san taimako ka yi, haka ogoginku suka yi muku. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Man da ke ɗaye fenti in ya ɗiga a jikin mota, haba Baba, shi za a zuba a naman mutum?

Ga roƙona. A taronku na wata, ka faɗa da bakinka cewa an daina zuba man birki, fetur ko baƙin mai a ciwo. Wanda ya yanke, a wanke masa da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da ƙyalle mai tsabta, a kai shi asibiti a ranar, ba sai ya fara wari ba. A ajiye akwati ɗaya a ofishinka, da auduga da bandeji da safar hannu, makulli kuma kada ya bi ka gida. Sannan ku nemi ma'aikatan lafiya su zo layin su duba waɗanda ba su da rigakafin tetanus. Ƙungiyar da ke iya yin anko duk shekara ba za ta gaza sayen bandeji ba.

Na san za a sami mai taurin kai da zai ce ai da man birki aka saba tun da can, kuma ba abin da ya sami kowa. Kada ka ja da shi, Baba. Ka ɗaga masa hannunka na hagu kawai, ya ƙirga yatsun da kansa. Hajiyarka ta ba ni labarin yadda na tsakiyan ya tafi, ranar da ta zo duba mu.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya tsare maka sauran tara. Mu kuma a sa mu a addu'a, Isuhu ya dawo muku da goma cif.

Wassalam.

'Yarka,
Hajara matar Isuhu.