Kogi Ne Iyaka

Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya ƙafar taka, kumburin ya sauka?

An gama rabon gonar Baba. Baffa ya tara dattawa, ya rantse cewa kogi ne iyaka har abada: gabas da ruwa nasa, yamma namu. Ka san gabas ce ke da fadama da itatuwan da Baba ya dasa. Mu kuwa tsakuwa, ko akuya ba ta kallonta. Inna ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ni ko ɗigon hawaye ban yi ba, na ajiye abina a ciki.

Ka tuna kwanar da kogin ke yi da zarar ya sauko daga duwatsu, ya karkato yamma? Ba don ransa yake karkatowa ba. Jingar duwatsun da ni da Baba muke gyarawa duk rani ce ke hana shi miƙewa tsohuwar hanyarsa, wadda ta bi ta gabashin fadamar. Baffa bai taɓa ɗaga dutse ɗaya a wurin ba. Yanzu kwashe su yake a amalanke, wai katanga zai yi. Jiya na wuce, na yi masa sannu da aiki har da durƙusawa.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar yara, albishirinka.

Ko yayyafi ba a yi mana ba, amma hadari ya daɗe zaune a kan duwatsu. Shekaranjiya da hantsi ruwa ya iso jawur, da kututture a kansa. Da ya zo kwanar ko waiwaye bai yi ba, ya miƙe abinsa. Yau fadama da itatuwa duk suna yamma da ruwa.

Baffa ya zo wajen Inna hula a hannu, wai mu tuna zumunci. Na shimfiɗa masa tabarma, na aika a kira dattawan nan, suka maimaita masa rantsuwarsa kalma kalma. Wallahi ban ji tausayinsa ba, daɗi na ji har cikin ƙashina.

Ka turo manyan yaranka in an yi hutu, akwai dakon dutse. Sabuwar jinga zan ɗora a bakin hanyar da kogin ya bari, kada ya yi tunanin dawowa.

Inna na gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta