Na Ce wa Inna Dokar Gwamnati Ce

Admin, ina gaisuwa. A saka mini wannan ba tare da sunana ba.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni dattijo ne, na haura saba'in da biyar, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko. Na daɗe ina karanta matsalolin da kuke kawowa nan, ban taɓa sa baki ba, yau kuma ni ne mai buƙata. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe tukuna, domin zan faɗi abin bi da bi yadda ya faru, ba na son a yanke mini hukunci a kan rabin magana.

Mu biyu ne muka rayu a ɗakin mahaifiyarmu, ni ɗan fari, da ƙanena wanda zan kira Auta, tsakaninmu shekara goma sha biyu. Garinmu wani ƙauye ne a wajen Safo. Ni karatuna bai yi nisa ba, sartifika ta gama firamare kawai na samu, na zauna konkur, jarrabawar shiga sizyem, wato ajin farko na kolej, sau biyu ban ci ba, daga baya aka ɗauke ni monitar, wato ƙaramin malami, aka kai ni Madarunfa a farkon shekarun 1970. Mahaifinmu ya riga ya rasu. Da Auta ya kai ajin ƙarshe na firamare sai na ɗauko shi ya zauna wurina, ni da maiɗakina, muna sabon aure a lokacin.

Yaran yanzu ba za su gane abin da ake nufi da konkur ba. Ba cin jarrabawa kawai ake so ba, gurbi ne ƙalilan a kolej, ana ɗaukar na sama a bar saura su koma gona. Akwai dikte, malami yana karanta Faransanci yaro yana rubutawa, kuskure biyar sifiri ne, mai sifiri kuma ya fita ko da ya cinye lissafi duka. A nan na faɗi sau biyu. Sannan akwai shekaru, kuma bisa jijimar Auta, takardar da aka yanka masa shekarun haihuwa, wannan zama shi ne na farkonsa kuma na ƙarshe.

Saboda haka na tsara masa rayuwa. Bayan sallar asuba, haddar ƙa'idojin nahawu. Kafin a buga ƙararrawa, lissafi uku. Da rana bayan abinci, dikte ɗaya. Da la'asar, gyaran dikten, kowace kalmar da ya ɓata sai ya rubuta ta sau hamsin. Ba zuwa tabki, ba ƙwallo. Kuma na ɗauko dokar sambol na kawo ta cikin gida. Sambol wani ƙashin jaki ne da ake ɗaure wa igiya a rataya wa duk yaron da aka kama yana Hausa a lakwal. Na yi nawa na rataye a bakin ƙofa, na ce daga yau Auta ba zai yi Hausa a gidan nan ba sai wajen karatun salla. Maiɗakina ba ta jin Faransanci, da hannu suke magana, ta nuna masa tulu ya gane ruwa take so.

Wata guda da farawa, Inna ta zo ranar kasuwa, a ƙasa, da ƙwaryar fura da ƙuli-ƙuli a ƙulle cikin tsumma. Ta wuni. Auta ya manne mata, suka yi ta hira, na kawar da kai saboda uwa ce. Da ta tafi ya yi kuka, kwana uku hankalinsa yana ƙauye, dikten da na yi masa a makon ya yi kuskure tara, alhali na riga na sauko da shi zuwa huɗu. Na duba takardar nan na ga kaina a cikinta.

Kasuwa ta gaba na tare ta a hanya kafin ta iso gida. A nan na yi abin da ya sa nake rubuto muku. Na ce mata an fito da doka daga gwamnati, duk yaron da aka rubuta sunansa a konkur ba a yarda uwarsa ta gan shi ba har sai an gama, idan kuma aka ji labari za a soke sunan. Babu wannan doka, ni na ƙaga ta a tsaye a bakin hanya. Inna mace ce mai tsoron hukuma, tun zamanin da ake shiga gari da gardi, wato dogaran hukuma, a kwashi yara zuwa lakwal da ƙarfi. Ba ta kiran sunana saboda ni ɗan fari ne, Mushe take ce mini kamar kowa, haka ake kiran malamin lakwal da Faransanci. Ta ce, "To Mushe, su masu dokar nan ba uwa ce ta haife su ba?" Na ce haka dai aka rubuta. Ta miƙo mini ƙullin ta ce, "Abinci ma an hana?" Na ce ba a hana ba, amma kada ya san daga ina ya fito. Ta juya.

Na ɗauka shi ke nan. Ashe ba ta daina zuwa ba. Akwai gidan wata tsohuwa mai daddawa da darninsa ya kalli filin lakwal, a nan take shiga ta tsaya ta bayan kara, ta jira hutun hantsi yara su fito, ta kalle shi har a buga ƙararrawa, sannan ta bar ƙullin wurin tsohuwar, maiɗakina ta je ta ɗauko. Da na gane, na same ta na yi mata faɗa, ni, na yi wa uwata faɗa. Ba ta musa mini ba, roƙona ta yi, ta ce ba ta kiransa, ba ta ɗaga hannu, ido kawai. Sannan ta sa na yi mata alkawari tsakanina da Allah ba zan taɓa faɗa wa kowa tana zuwa ba, har shi Autan, don yaro ne, bakinsa zai iya kuɓucewa a gaban direktan lakwal a soke shi. Na yi mata alkawarin. Ku lura da wannan wuri, zan dawo kansa.

Shi kuma Auta yana tambaya. Da Faransancinsa na ɗan koyo yake cewa, Yaya, Inna ba ta zo ba? Na farko na ce aiki ya yi mata yawa. Na biyu na ce ƙafa ke damunta. Da ya dame ni sai na ce ta aiko cewa kada ya neme ta sai ya ci konkur. Daga ranar bai sake tambaya ba. Hutun da aka yi biyu a shekarar ban bar shi ya je gida ba, salla ma a Madarunfa ya yi ta. Ƙuli-ƙulin kuwa duk mako yana ci, na ce masa maiɗakina ce ke yi masa. Ta yi mini magana sau ɗaya, ta ce wannan abu ba shi da kyau, na ce mata gidan nan mutum ɗaya ke tsara shi. Yarinya ce a lokacin, ta ci gaba da ɗauko ƙullin.

Wata takwas aka yi haka. Auta ya zauna konkur, aka karanto sunansa a rediyo, yana cikin na sama. Na kai shi ƙauye da kaina. Inna ta fito da gudu ba ko mayafi, shi kuma ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta kamar yadda ake gaida baƙuwa, ya tashi ya shiga wurin samari. Ta kalle ni, na ce gajiya ce. Da muka keɓe ta tambaye ni ko yanzu za ta iya faɗa masa, ko har yanzu ana iya soke sunan. Wannan ita ce dama ta farko da na samu ta gyara, kuma na san haka a lokacin. Amma na ji kunyar ta gane ɗanta Mushe maƙaryaci ne. Na ce ta bari tukuna har ya zauna da gindinsa a kolej. Ya tafi Maradi. Idan ya zo hutu wurina yake sauka, ƙauye sai ya leƙa kwana ɗaya ya dawo. Inna tana ce wa mutane boko ne ya sa shi miskilanci, ba laifinsa ba ne. Yana aji biyu a kolej ta kwanta ciwon kwana huɗu, Allah ya karɓi abarsa.

Auta ya yi karatu mai zurfi, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya. Bai taɓa yanke wani abu babba ba sai ya zo ya ji ta bakina. A gaban ƴaƴansa yana cewa ba shi da uba ba shi da uwa sai Yaya da matar Yaya. Idan aka ambaci Inna yakan ce Allah ya jiƙanta, ya sauya magana. Ni kuma duk lokacin da zuciyata ta tashe ni sai in ce ai alkawari na yi mata, ba a karya alkawarin mamaci. Da wannan na rufe bakina shekara hamsin, alhali na san alkawarin a kan ƙaryata aka gina shi, da ban ƙaga dokar ba da ba ta nemi in ɓoye komai ba.

Abin da ya tayar da maganar ya faru wata biyu da suka wuce. An haifa wa babban ɗan Auta ƴa mace, yaron ya zo ya ce yana so ya sa mata sunan kakarsa, wato Inna. Auta ya hana. A gabana ya faɗi dalili, ba da faɗa ba, a hankali, ya ce matar da ta yi wata takwas tafiyar hantsi ɗaya ke tsakaninsu ba ta taka ta ga ko yana raye ba, har ta aiko kada ya neme ta, ya yafe mata amma ba zai iya kiran sunanta kullum a gidansa ba. Ya ce a sa sunan wadda ta riƙa daka masa ƙuli-ƙuli duk mako alhali ba ita ta haife shi ba. Aka raɗa wa jaririya sunan maiɗakina. Ina zaune a kan tabarma a sahun gaba, aka shafa fatiha, na shafa.

Tun da muka dawo gida maiɗakina ba ta bar ni na huta ba. Yanzu ba yarinya ba ce. Ta ce ita ba ta taɓa daka ƙuli ko na kwabo ba a waccan shekarar, ɗaukowa kawai take yi, kuma ba za ta goya takwarar da aka ba ta da gumin wata ba. Ta ce mini, "Malam mai tsari, ka tsara asuba ka tsara la'asar, wannan kuma wace rana ka sa masa?" Ta ce ita ba ta yi wa kowa alkawari ba, idan ban faɗa ba za ta faɗa, albarkacin zaman da muka yi ne kawai ya sa take jira in riga ta.

Ga kuma inda lokaci ya ƙure. Auta zai tafi aikin hajji bana, kuma ya aiko cewa ranar Juma'a mai zuwa zai zo gidana ya yi sallama ya nemi gafara, kamar yadda maniyyata ke yi. Yana da hawan jini, likita ya hana shi ɓacin rai. Na auna abin ta kowane gefe. Idan na faɗa masa kafin ya tafi, zai tsaya a wurare masu daraja ya yi wa uwarsa addu'a da zuciya ɗaya, amma zan ɗora masa nauyin sanin cewa ya yi wa matar da ke laɓe a bayan darni tana kallonsa gaisuwar baƙuwa, kuma babu inda zai same ta ya gyara. Ban san ko jikinsa zai ɗauka ba. Idan na bari sai ya dawo, ni da shi duka tsofaffi ne, ba ni da tabbacin za mu sake zama. Ba zan ɓoye muku ba, akwai kuma tsoron kaina a ciki, mutumin da ya ɗauke ni uba shekara hamsin zai dube ni da wani ido, kuma ƴaƴansa za su ji.

Na san wasu za su ce ai niyyata alheri ce, kuma ya ci konkur. Kada ku ba ni wannan, na ba kaina shi har ya daina yi mini aiki. Yaran da suka ci tare da shi a shekarar a ɗakin uwayensu suke kwana.

Tambayoyina uku ne, ina roƙon a amsa su a jere. Na ɗaya, ga masu ilimin addini, alkawarin da na yi wa Inna yana kaina har yanzu, ko ya faɗi tunda ƙaryata ce ta haife shi? Na biyu, in faɗa masa kafin tafiya ko bayan dawowa, kuma mu biyu kawai ko in sa maiɗakina ta zauna tunda ita ce shaidar da ta rage? Na uku shi ne wanda ya fi hana ni sukuni. Ranar Juma'a Auta zai cire takalmi a ƙofar ɗakina, ya durƙusa da furfurarsa ya ce, Yaya, ka yafe mini duk abin da na yi maka. Ku gaya mini kalmar da zan fara da ita.