Raudatu Tana Son Ganin Teku

Unguwar Yerimaram, Potiskum

Zuwa ga ƙanena Umar Faruk,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Khaulat da yara, ya raba ku da sharrin Ikko da sharrin ruwanta. Mu nan sai godiya. Baba Dabo yana nan da ciwon gwiwarsa da faɗansa, Bintu ta sauka lafiya a Nangere, an samu mace. Kai kuwa ko waya sai ka ga dama, ɗan nema, kamar da kuɗin hajji ake kiran Potiskum.

Maganar 'yata Raudatu, wadda kai ma 'yarka ce, ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san sikilarta, ka kuma san jininta irin mai wuyar samu ne, irin naka da na marigayiya Inna. Tun lokacin korona, da mutane suka guji asibiti, firjin jini ya zama fanko, duk sanda ciwon ya kayar da ita sai Sista Ursula, nas ɗin da ke duba ta, ta ce in kwantar da hankalina. Can sai ga ledar jini an rataya. In na tambayi mai shi, ta ce wani bawan Allah ne da ba ya son a faɗa. To abin mamaki, duk ƙarin jinin da aka yi wa yarinyar nan sai ta tashi da mafarki iri ɗaya. Wai tana tafiya cikin manyan duwatsu, wani a kan wani kamar an jera tukwane, ga hazo mai sanyi, ga gonar dankali, wata tsohuwa tana kiran ta da yaren da ba ta sani ba, amma tana ganewa. Yarinyar da ko Bauchi ba ta taɓa zuwa ba! Nakan yi dariya in ce zazzaɓi ne. Amma wallahi in tana ba da labarin, ni ma sai in ji sanyin a fatata.

Ranar da aka sa dokar hana fita saboda zanga-zanga, ciwon ya taso mata da hantsi. Ba Keke Napep ko ɗaya a titi, goya ta na yi, budurwa guda, ƙafafunta na jan ƙasa. A asibiti an cika da waɗanda suka ji rauni, jinin da ke akwai duk ya tafi gare su. Leɓɓanta suka yi fari fat. Na ga Sista Ursula ta koma gefe tana waya. Ina zaune a baranda, ban san ko barci nake ko ido biyu ba, sai na hango mutum tafe tsakiyar titi cikin rana, hannuwansa biyu a sama saboda jami'an tsaro, shi kaɗai kamar a mafarki. Da ya matso sai na ga Choji ne, mutumin Jos ɗin nan mai gyaran janareta a bakin layinmu, wanda nake yi wa tsiya kullum kan hayaƙi. Ya ce in yi haƙuri ya makara, an tsare shi a hanya. Ashe duk shekarun nan shi ne. Sai hawaye suka zubo min.

Raudatu ta tashi, alhamdulillahi. Amma a hargitsin ranar an fasa shagon Choji an kwashe komai, yana kwance ana ɗibar jininsa. Matarsa ta ce ta gaji, gida za su koma. Jiya ya zo sallama, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi. Da na ba shi labarin mafarkin, ya ce wata rana in kai Raudatu ta ga duwatsun da idonta, tsohuwarsa tana nan da rai.

Umar, tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Sanyi na tafe, lokacin da ciwon ya fi kayar da ita, kuma Sista ta ce ba ta da wani mai irin jinin a hannu. Na san kai da allura ba kwa ga maciji, tun ranar da ka haye bishiyar darbejiya don gudun masu rigakafi. Amma naka sai naka. Ka zo ka yi sanyin nan tare da mu. Ban ce mata komai ba, ita ce da kanta ta ce in Kawu ya ba ta nasa, wataƙila ta ga teku, ta ji yadda yake ƙara. Ta ma tambaye ni ko Inna za ta fito a cikin mafarkin, tunda jininsu ɗaya.

Ka gaida Khaulat, da Idrisu da Ramlat, da maƙwabcinka Babaji. Baba Dabo yana sa maka albarka. Raudatu ta ce kada ka wahalar da kanka da tsaraba, hannunka kawai za ka kawo.

Yayarka mai jiran ka,
Hadizatu