Hular da Zulai Ta Ɗinka

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Ya gida, ya yara, ya haƙuri da mu? Don Allah ki ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Masu sharhi kuma ina roƙonku da girman Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina shi shekara bakwai ke nan.

Daga hula abin ya fara. Wata Juma'a bayan la'asar wanda nake aure yanzu ya zo zance gidanmu a Karaye, saura wata uku bikinmu. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na shafa turare, tun safe nake tsara kalaman da zan faɗa masa irin waɗanda nake karantawa a littattafai. Ina ɗaga ido sai ya sauka a kan hularsa. Fara ce, da layi uku na zare ruwan toka sun sauko daga sama har baki, da jar da'ira a tsakiyarsu. Wallahi Anti ji na yi kamar an kwara min ruwan randa. Duk duniya mutum biyu ne suka san ma'anar zanen nan, ni da Zulai.

Zulai ƙawata ce, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, tare muka yi islamiyya, tare muka koyi ɗinkin hula. Kullum da hantsi muna gindin darbejiyar gidanmu da zare da allura, mun jingina waya da kwano muna kallon wani fim mai dogon zango da aka fassara, na mutanen da ke yawo a sararin samaniya. Mugun fim ɗin rabinsa mutum ne rabi inji, mai fassara yana ce masa Ɗan Ƙarfe. Duk zangon da aka kashe shi sai ya dawo da sabuwar siffa, mu kuma mu dasa musu. Ni na farko nake so, wanda rabin fuskarsa ƙarfe ne amma an bar masa idon mutum guda ɗaya, har ya kan kawo ruwa. Ita kuwa na biyu take so, mai fuska sumul kamar bayan faranti, babu ido babu baki, sai layi uku da jar fitila a goshi.

"Ke dai ba ki da zuciya," nake ce mata. "Dubi idon nan. Wallahi wannan ya taɓa soyayya, yaudararsa aka yi ya zama haka."

"Littafi ya gama da ke," in ji ta. "Mugu mai kuka ai ba mugu ba ne, ɗan wahala ne. Nawa ya fi, ba ya ɓoye komai, da ganinsa ka san ka gudu."

"Naki kamar murfin tukunya."

"Naki kuma kamar gwangwanin da aka taka. Ki aure shi mana!"

A cikin wannan shirmen ta ɗauki zanen fuskar nata ta zuba a hula. Ta ce ta Habibu ce, saurayinta ɗan Rogo Ruma da aka riga aka kawo kayan sa ranarsu, kuma ba za ta sake yi wa kowa irinta ba. Wata biyu ina kallonta tana ɗinkin nan. To yanzu ga ta a kan nawa saurayin. Ku da kanku me za ku ce?

Na daure na ce, "Wannan hular fa, daga ina?" Ya yi dariya ya gyara mata zama. "Ta yi kyau ko, ranki ya daɗe? Ba zan faɗa ba, kar ki je ki samo wa wani irinta." Zolaya ce kawai, yanzu na sani. Amma duk littafin da na karanta haka suke yi, dariya suke yi, kuma kullum aminiya ce ke cin amana. Ban tambayi Zulai ba. Sai na koma lura da ita. In ta ce ya angonmu, in ce a raina ga shi nan. In ta yi shiru, in ce kunya ce ta kama ta. Ranar da ta gaishe shi a ƙofar gida har tana rusunawa, ban iya cin tuwo ba.

Da ya sake zuwa da hular na ce ya zauna in ɗauke shi hoto. Na miƙe tsaye na ɗauka ta sama yadda zanen zai fito, na yanke fuskarsa. Na sayi sabon layi na tura wa Habibu, na rubuta: "Tambayi amaryarka maza nawa take ɗinka wa irin taka." Na karya layin na jefa a masai. Abin kunyar shi ne a lokacin har wani daɗi na ji, kamar ni ce jarumar da ta gano makirci.

Ko sati biyu ba a yi ba kawunnan Habibu suka zo suka kwashe kayansu. A cinyata Zulai ta yi kukan. Ta ce min da ta gama hular ta auna ta da wata tasa a ɓoye, sai ta ga ta yi wa Habibu kaɗan, don kunya ta hana ta tambayar lambar kansa ta yi kirdado, shi kuwa Allah ya ba shi kai. Sai Innarta ta bai wa wani tsoho mai rumfar huluna a kasuwa ya sayar, ita kuma ta fara wata a ɓoye, tana ce wa Habibu har yanzu ba ta gama ba. Da ya nuna mata hoton sai 'yar ƙaryar nan ta kama ta, duk rantsuwar da ta yi ya ƙi saurara. "Wa na tsare wa wani abu a garin nan?" take tambayata, ina shafa mata baya. Kun san me? Ko a lokacin ban yarda da ita ba. Sai bayan bikina maigidana ya faɗa min da bakinsa a kasuwa ya saya, kuma duk da haka sai da na aika aka tambayo tsohon nan. Ya ce ƙwarai, shi ya sayar.

Zulai ce babbar ƙawa a bikina, ita ta riƙe min hannu har ɗaki. Shekara shida ta yi a gida bayan nan, ana nuna ta ana cewa mai raba wa maza hula, duk wanda ya fito sai a kai masa labari. Ni kuwa na haifi biyu, ina kai mata ziyara da 'yan kayan kwalliya, ina taya ta tsine wa wanda ya tura hoton. Sau nawa na buɗe baki in faɗa? Sai in tuna maigidana, mutumin da ya raba gari da ƙaninsa shekara guda a kan ƙarya ɗaya, in haɗiye.

Bara Allah ya kawo mata wani manomin gyaɗa a Tudun Kaya, mutum mai sanyin hali. Ranar Asabar ta haihu, mace. Na je barka da ɗan kununa, ta kama hannuna ta ce sun gama magana da mijinta, sunana za a sa wa yarinyar. Kafin in gama jin wannan ta jawo waya daga ƙarƙashin filo.

"Kin ga sabon zangon kuwa? Ɗan Ƙarfenmu ya dawo."

Na ce rabona da fim ɗin tun ina budurwa. Ta nuna min. Wannan karon babu ƙarfe ko kaɗan a waje, fatar mutum aka lulluɓa masa, fuskar aminin jarumin sak, tare suke cin abinci.

"Na bar mai layi uku," in ji ta. "Wannan ya fi su duka. Naki da nawa ai yara ne, ana ganinsu daga nesa." Tana murmushi tana gyara wa jaririya zani. Can kuma ta ce, "Wai har yanzu Innarku na da koriyar tabarmar nan ta zaure, wadda na ƙona da kaskon turare?"

Na ce ban sani ba. Ina dawowa gida na zazzage akwati na nemo tsohon memorin wayata. Anti, hoton yana nan. Ta bayan kafaɗarsa ga koriyar tabarma, ga ƙunar nan baƙa a gefe, ƙarara. Hoton da Habibu ya sa mata a gaban ido ke nan shekara bakwai da suka wuce.

Tun ranar ban da sukuni. Ta sani ne tun tana kuka a cinyata? Ta yafe ne shi ya sa za ta yi min takwara, ko so take duk ranar da na ji an kira yarinyar nan in tuna? Ko kuwa hira ce kawai ta mai jego, ni ce zargina ya sake tashi, wannan zargin da ya riga ya cinye mata shekara shida? In na faɗa mata alhali ba ta sani ba, na ɓata mata jego, maganar kuma dole ta kai kunnen maigidana. In na yi shiru, za a raɗa wa 'yarta sunan wadda ta yi mata wannan aikin, in ɗauke ta ana guɗa.

Jibi ne suna, har ta aiko min da ankon. Don Allah jama'a, me zan yi?