Na Kira Sunan Surukina a Bidiyon Asibiti

Anti Ladi, don Allah ki agaza mini, raina a ɓace yake.

Mu mutanen Kano ne, muna zaune a Umarari. Ɗana na fari sunan mahaifin mijina ya ci, shi ya sa Abba muke ce masa. Shekara uku bakina bai taɓa furta sunansa na yanka ba, ko a wasiƙar nan ba zan rubuta shi ba. Watan jiya ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi a wani asibitin yara. Muna can wani mai kyamara, Othniel, ya shigo, wai suna haɗa ɗan bidiyon tallata asibitin. Ya ce hannun nas da na'urar iska kawai zai ɗauka, na yarda. Sai numfashin yaron ya sarƙe. Na ruɗe, na rungume shi ina kuka, ina ƙwala sunan nan har sau uku. Ashe bawan Allah bai kashe kyamara ba.

Yanzu bidiyon yana yawo a WhatsApp, da muryata ma aka buɗe shi. Har Kano ya kai. Surukata ta daina amsa gaisuwata, ƙannen mijina kuwa sun samu abin tsokana. Da na tare Othniel, wai wurin ne ya fi taɓa zuciya. Zuciyar wa? Kukana ne hajarsu? Mijina ya ce in bari, tunda mutanen asibitin ne suka ceci yaron. Ni dai so nake a goge shi gaba ɗaya.

Maman Abba, Umarari

Maman Abba, kina da gaskiya. Alkawari kaya ne, kuma Othniel ya saɓa nasa. Jinyar ɗanki ba ta mallaka wa asibiti hawayenki ba. Sai dai wataƙila bai san nauyin sunan a gidanku ba, kuma bidiyon zai iya jawo wa wasu yaran taimako. Kada ki dage sai an goge duka. Ku je ke da maigidanki wurin shugaban asibitin, ku nemi a cire fuskarki da muryarki, a sauke tsohon daga shafinsu. Wanda ya riga ya bazu a wayoyi, sai haƙuri.

Surukarki kuma, ki samu wata dattijuwa da take jin maganarta ta ba ta haƙuri, ta bayyana mata halin da jikanta yake ciki a lokacin. Kunya ado ce, amma ba a neman ta wurin uwar da ɗanta ke shiɗewa a hannunta. Kin kira shi, kuma Allah Ya sa ya amsa. Allah Ya raya Abba, Ya ƙara masa lafiya.